An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Hayaƙi, Dalma da Tsoron Radiyeshin

A watan Fabrairun 2013 wata yarinya 'yar shekara tara ta rasu a birnin Landan bayan ta sha fama da asma mai tsanani. Gidansu na kusa da wani babban titi da motoci ba sa yankewa a kansa. Mahaifiyarta ba ta haƙura da bayanin farko ba, ta yi ta bin kadi har aka sake bincike, kuma a watan Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe yarinyar. Wannan ne karo na farko da aka rubuta haka a takardar shaidar mutuwar wani a Birtaniya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan ta "karo na farko". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska, ta waje da ta cikin gida, na da hannu a mutuwar mutane kusan miliyan 7 duk shekara. To ina takardun sauran? Suna nan, sai dai abin da aka rubuta a kansu daban ne: bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki, nimoniya, ciwon dajin huhu. Likita na rubuta cutar da ya gani a gaban idonsa, ba ya rubuta abin da ya share shekara ashirin yana shimfiɗa mata tabarma. Saboda haka mai kisan ya saba fita da sunan wani, mu kuma muna can muna tsoron abin da bai kai shi ɓarna ba.

Ra'ayina ke nan a taƙaice, kuma na san ba kowa zai ji daɗinsa ba: tsoronmu ya sauka a inda bai dace ba. Mutum zai hana a kafa ƙarfen sabis kusa da gidansa, zai ƙi yarda a ɗauki hoton ƙirjinsa a asibiti wai kada haske ya ƙone shi, amma ya kwana janareta na huci a bakin tagarsa, da safe ya cinna wa bola wuta, robobi da batura na ci yara na wasa a gefe. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fara da iska, domin ita ce babba. Mutum na iya zaɓen abin da zai ci da abin da zai sha, amma numfashi ba a zaɓensa. Baligi na shaƙar iskar da ta haura lita dubu 10 a rana, kuma abin da ke cikinta duka baƙonsa ne. Ƙura mai kauri, irin wadda ake gani a ido, ba ita ce tafi haɗari ba, domin gashin hanci da majina da tari suna tare mafi yawanta. Wadda likitoci ke jin tsoro ita ce 'yar mitsitsiyar nan da ake kira PM2.5, wadda faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin talatin na kaurin silin gashi ba. Tana fitowa daga duk abin da ke ci da wuta: man dizal, kwal, itace, gawayi, shara, gona idan an banka mata wuta. Saboda ƙanƙantarta takan wuce duk masu gadi, ta gangara har can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini. Mafi ƙanana daga cikinta ma kan tsallaka su shiga jinin.

Daga nan labarin ya tashi daga huhu ya koma zuciya, kuma nan ne mutane da yawa ba su sani ba. Jiki na ɗaukar wannan burbushi a matsayin abokin gaba, sai ya tayar da kumburi na cikin gida wanda ba ya lafawa. Bangon jijiyoyin jini ya fara laushi da tsagewa, kitse ya samu wurin maƙalewa, jini ya ƙara saurin daskarewa, hawan jini ya ɗan ɗaga. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum ke ji. Sai wata rana gudan jini ya toshe jijiyar zuciya ko ta ƙwaƙwalwa, a ce ai kwatsam ne. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2019, daga cikin mutum miliyan 4.2 da iskar waje ta yi sanadinsu, wajen kashi 68 cikin ɗari ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ne suka ɗauke su. Ciwon huhu, wanda kowa ke tsammani, shi ne ƙaramin kaso.

Ba da sauƙi aka gane haka ba. A watan Disamban 1952 hazo ya gauraya da hayaƙin kwal ya lulluɓe Landan na kwana biyar. Da farko an lissafa mutum 4,000 da suka mutu, daga baya masu bincike suka kai adadin wajen 12,000. Wannan kowa ya gani da idonsa, shi ya sa aka yi dokar tsaftace iska a 1956. Abin da ya fi wuyar gamsar da mutane shi ne iskar da ke kama da mai tsabta. Sai a 1993 masu bincike na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar mutane a birane shida na Amurka, suka nuna cewa mazauna birnin da ya fi gurɓata sun fi na birnin da ya fi tsabta yawan mutuwa da kusan kashi 26 cikin ɗari, bayan an cire tasirin shan taba da sauransu. Masu masana'antu sun yi ta musu, aka sake lissafin, ya tsaya daram. A 2013 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya gurɓatacciyar iskar waje a rukuni na farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'auninta na PM2.5 daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska, daga baya kuma ta ce kashi 99 cikin ɗari na mutanen duniya na shaƙar iskar da ta wuce ma'auninta. Wato kusan babu wanda ya tsira.

Amma ba a raba kason daidai ba. Fiye da mutum biliyan 2 har yanzu da itace, gawayi, kashin dabbobi, kwal ko kananzir suke girki, sau da yawa a ɗakin da iska ba ta zagayawa. Hayaƙin murhu ya kashe mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Su wa? Mata, da yaran da ke manne da su. Kusan rabin ƙananan yaran da nimoniya ke kashewa kafin su cika shekara biyar, wannan hayaƙin na da hannu a ciki. Likita zai ga mace mai shekara hamsin da huhu irin na wanda ya shekara talatin yana zuƙar taba, alhali ko kara ɗaya ba ta taɓa sa wa bakinta ba. Ban taɓa jin an yi zanga-zanga a kan wannan ba.

Sai dalma. Idan akwai gubar da ke sa ni jin haushin yadda duniya ke tafiya, ita ce. Jiki ba ya buƙatarta ko kaɗan, amma yana ruɗa ta da sinadarin kalsiyam, sai ya buɗe mata ƙofa: ta shiga ƙashi ta zauna shekaru, ta shiga ƙwaƙwalwar yaro lokacin da take ginuwa, ta bi mahaifa ta iske ɗan tayi. Yaro ya fi babba tsotsar ta daga hanji ninki huɗu zuwa biyar, ga shi kuma komai ya taɓa baki yake kaiwa. Idan ta yi yawa, sai farfaɗiya da suma da mutuwa. Haka aka gani a Zamfara a 2010, lokacin da aka riƙa niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu kafin likitocin sa-kai na MSF da sauran hukumomi su shawo kan lamarin. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, domin alamun sun yi kama.

Wancan aƙalla an ga gawarwaki, an yi kuka, an kawo ɗauki. Ɓarnar dalma da ta fi yawa ba ta da gawa. Yaro ne kawai zai taso ba ya riƙe karatu, ba ya iya zama wuri ɗaya, ga saurin fushi, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Wani likitan yara ɗan Amurka, Herbert Needleman, ya tara haƙoran yarinta da suka famfare daga bakin 'yan makaranta ya auna dalmar da ke ciki, a 1979 ya nuna cewa waɗanda tasu ta fi yawa sun fi baya a gwajin basira, ko da yake babu wanda ya yi kama da maras lafiya a cikinsu. An yi masa ca, an zarge shi da maguɗi, daga baya aka wanke shi. Yau matsayar likitoci ita ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa. Duk da haka tun shekarun 1920 ake zuba ta a man fetur, ba a daina gaba ɗaya ba sai 2021, lokacin da Aljeriya ta rufe ƙofar. Shekara kusan ɗari ana fesa wa yara guba daga salansar mota. A 2020 UNICEF ta ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, na ɗauke da dalma a jini da ta kai matakin damuwa, yawanci daga wuraren fasa tsofaffin baturan mota, fenti, da tarkacen kayan lantarki. Kuma abin da ta lalata a ƙwaƙwalwa ba ya dawowa. Maganin da ake bayarwa na rage ta a jini ne kawai.

Zaiba ma ta yi nata a Minamata ta Japan, inda masana'anta ta riƙa zubar da ita a teku, kifi ya ɗauka, mutane suka ci, aka gano cutar a 1956 bayan kyanwoyin garin sun fara hauka suna faɗawa ruwa. A Bangaladash kuma rijiyoyin burtsatse da aka haƙa don a tsere wa kwalara sai suka zo da sinadarin arsenik, miliyoyin mutane suka sha shekaru. Ba zan tsaya a kansu ba. Wata hukumar masana da mujallar likitoci ta Lancet ta kafa ta haɗa lissafin duka, iska da ruwa da ƙasa da wurin aiki, ta samu mutum miliyan 9 a shekara, ɗaya cikin kowace mutuwa shida.

Yanzu mu zo ga abin da ake tsoro. Kalmar radiyeshin ta zama kamar dodo, ana ambatonta gaba ya faɗi, alhali abubuwa biyu ne mabambanta aka cusa a jaka ɗaya. Akwai haskoki masu ƙarfin da za su iya tsinka zaren gado da ke cikin ƙwayar halitta: hasken ɗaukar hoton ƙashi, da abin da ke fita daga yuraniyom da danginsa. Akwai kuma waɗanda ba su da wannan ƙarfi, kamar igiyoyin rediyo da na wayar salula, waɗanda iyakar abin da aka tabbatar suna yi wa nama shi ne ɗumama shi kaɗan. Ƙarfen sabis na rukuni na biyu ne. Gaskiya ne a 2011 hukumar binciken ciwon daji ta sa igiyoyin waya a rukunin "mai yiwuwa", kuma masu yaɗa tsoro na son kawo wannan. Abin da ba sa faɗi shi ne ma'anar rukunin: hujja ba ta isa ba, a ci gaba da dubawa. An kuwa duba. Wayar salula ta tashi daga hannun 'yan tsiraru ta shiga aljihun biliyoyin mutane, amma ciwon dajin ƙwaƙwalwa bai tashi tare da ita ba, kuma babban nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, bai samu alaƙa ba. Idan waya za ta kashe ka, ta fi kusa da yin haka lokacin da kake latsa ta kana tuƙi.

Rukuni na farko kuwa haɗarinsa gaskiya ne, ba mai musu. Marie Curie, wadda ta ba da rayuwarta ga binciken sa, ciwon lalacewar ɓargo ne ya kashe ta a 1934. Waɗanda suka tsira daga bama-baman Hiroshima da Nagasaki, likitoci sun bibiyi wajen 120,000 a wani nazari da aka fara tun 1950, kuma daga gare su aka koyi yawancin abin da aka sani: ciwon dajin jini ya fara bayyana cikin 'yan shekaru, sauran nau'o'in suka biyo baya bayan shekaru goma ko fiye, kuma haɗarin na tafiya ne da yawan abin da jiki ya sha. Wannan shi ne ginshiƙin maganar. Tun ƙarni na 16 likita Paracelsus ya ce yawa ne ke mayar da abu guba. Kowane ɗan Adam na shan wajen milisibat 2.4 (ma'aunin radiyeshin ke nan) a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama da abincinsa, ko yana so ko ba ya so. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce 0.1 ba, kwatankwacin abin da za ka sha a mako biyu kana zaune a gida. Wanda ya ƙi hoton ƙirji alhali yana tarin jini, ya guje wa ɗigon ruwa ne ya faɗa kogi.

Chernobyl fa? A ranar 26 ga Afrilun 1986 tukunyar nukiliya ta fashe a Yukiren. Ma'aikata da 'yan kwana-kwana 134 suka kamu da ciwon radiyeshin mai tsanani, 28 suka rasu cikin watannin farko. Babbar illar da aka tabbatar ga jama'a ita ce ciwon dajin tayirod, ƙullutun nan na gaban wuya wanda idan ya kumbura ake ce masa maƙoƙo. Aidin mai guba ya sauka a ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara, kuma zuwa 2005 an samu fiye da 6,000 da suka kamu daga cikin waɗanda suke yara a lokacin. Yawancinsu sun rayu, amma da hukuma ta fito da gaskiya da wuri ta hana shan madarar, da yawansu ba su kamu ba. Ɓoye-ɓoyen hukuma ya yi ɓarnar da ta kusa kai ta tukunyar.

Haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan a 2011 ya koyar da darasin ta ɗaya ɓangaren. Babu wanda ciwon radiyeshin mai tsanani ya kashe, kuma kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya bai samu wata cuta a jikin mazauna yankin da za a jingina wa hasken kai tsaye ba. Amma an kwashe mutane fiye da dubu ɗari cikin gaggawa, har da tsofaffi da marasa lafiya daga gadajen asibiti, kuma fiye da 2,000 suka mutu sanadiyyar wahalar ƙaura, yankewar magani, da ƙuncin rai. Tsoron ya kashe fiye da abin tsoron. Ba na zargin waɗanda suka ba da umarnin, domin a daren ba wanda ya san inda abin zai tsaya, kuma wanda maciji ya taɓa sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Sai dai likita ya kamata ya riƙe cewa firgici ma cuta ce mai kisa.

Inda haɗarin radiyeshin yake da gaske a rayuwar yau da kullum, nan ne kuma ba a kallo. Akwai iskar radon, ba launi ba wari, tana tsatsowa daga ƙasa ta taru a ɗakunan da ba a buɗewa, ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa ciwon dajin huhu, tsakanin kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari gwargwadon ƙasa. Akwai hasken rana, wanda ke cin fatar zabiya har ya zama ciwon daji tun suna matasa, alhali hula da riga mai dogon hannu da man kariya sun isa su rage shi sosai. Akwai na'urar siti-sikan, wadda hoton ciki ɗaya da ita kan kai wajen milisibat 10, ninki ɗari na hoton ƙirji. Na'ura ce mai ceton rai idan da dalili, amma idan an mayar da ita hanyar tara kuɗi ko ta kwantar wa dangi hankali, musamman a kan yara, to laifin namu ne na masu farar riga.

Sai kuma tsofaffin na'urorin asibiti da na masana'antu da aka yasar. A 1987 a birnin Goiânia na Burazil wasu 'yan gwangwan biyu suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka yi watsi da shi, suka ɗauko wani ƙarfe suka fasa. A ciki akwai gari mai walƙiya shuɗi, siziyom, sinadari mai fitar da radiyeshin. Aka riƙa raba shi ga dangi da maƙwabta don sha'awa, wata yarinya 'yar shekara shida ta ci abinci da shi a hannunta. Da amai da gudawa suka fara, likitoci suka ɗauka gurɓataccen abinci ne ko wata cutar da aka saba gani. Matar mai sayen gwangwan ɗin ce ta yi zargin ƙarfen, ta sa shi a jaka ta hau bas ta kai ofishin lafiya. Mutum huɗu suka mutu, har da ita da yarinyar, kusan 250 suka gurɓata, aka auna fiye da 100,000.

Ka lura da abin da ya maimaita kansa a Goiânia da Zamfara: marasa lafiya sun zo asibiti, an duba su, an ba su sunan cutar da aka saba da ita. Nan ne nake ganin gazawar aikin likita. An koya mana mu tambayi mutum ko yana shan taba, ko akwai ciwon suga a danginsu, amma ba kasafai ake tambayarsa me yake shaƙa ba. Na san uzurin: layi ya yi tsawo, minti biyar ne ga kowa, kuma ko ka gano hayaƙin titi ne, ba ka da allurar da za ta kawar da titin. Uzurin na da ƙamshin gaskiya. Mutum ɗaya ba ya iya tsaftace iskar gari, kuma rashin adalci ne a ce wa matar da ba ta da kuɗin gas ta daina girki da itace. Wannan aikin hukuma ne, kuma an ga yana yiwuwa: da aka cire dalma daga fetur, dalmar jinin yaran Amurka ta faɗi da fiye da kashi 90 cikin ɗari, Sin kuma ta rage PM2.5 da wajen kashi 40 cikin ɗari a ƙasa da shekara goma bayan 2013. Amma hukuma ba ta motsawa sai an ajiye mata lissafi a gaba, lissafin kuwa daga ɗakin likita yake farawa. Abin da ba a rubuta a katin maras lafiya ba, ba zai taɓa isa teburin mai yin doka ba.

Tambayoyin ba su da tsawo. Baba, wace sana'a kake yi, kuma da kayan aikin kake komawa gida? Hajiya, da me kike girki, a ɗaki ko a fili? Ina kuke ajiye janareta? Akwai masu fasa batir ko ƙona shara kusa da ku? Yaron nan da ke suma, akwai wani yaro a gidan ko a maƙwabta da ke irin haka? Ta ƙarshen nan ita ce ta fi muhimmanci, domin guba ba ta cika kama mutum ɗaya ba. Idan uwa ta amsa da cewa e, akwai biyu a gidan da ke kallon nasu, to kafin a rubuta maganin zazzaɓi karo na uku sai a ɗebi jini a aika a auna dalma.